Shekarar da Ba a Kwashe Jujinmu Ba

Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta kuma taɓa fuskantata da magana ba. Kunyar ɗan fari ke nan irin ta mutanen da. In tana son saƙo ya iso ni, sai ta gaya wa wanda ke kusa, ina tsaye ina ji. In babu kowa, ta gaya wa akuya. "A faɗa wa mutumin can hularsa ta karkace." Ni ne mutumin can. Na yi gemu, na yi aure, har na aurar, ina nan a mutumin can, kuma jar akuyar Inna ta fi kowa a gidan sanin laifuffukana.

Gidanmu a Kusfa yake, cikin birnin Zariya, babban gida mai sassa da yawa. Sana'armu ɗinkin riga, a zaure muke yini da allura. Karatu kuwa, na allo na ajiye shi a daidai inda malam ya gaji da ni. Na boko kuma ajin yaƙi da jahilci na leƙa da girmana, na ɗebo ɗan abin da nake rubuta wannan da shi. Wanda ya ga harafi ya kwanta, ya taimaka ya tashe shi.

A bayan gidan, tsakanin turken awaki da katangar maƙwabta, akwai juji. Kowane gida yana da nasa, amma namu yana da uwar ɗaki. Kullum da safe Inna kan kwashe tokar murhu a wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki, ta zaga baya ta zuba. Sharar tsakar gida ta bi, da kashin awaki, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da ganyen da aka ƙunso daddawa. Surukanta sun sha cewa ta bari su yi, ba ta taɓa sakin ƙwaryar ba.

In rani ya yi nisa, kafin hadari ya fara haɗuwa, sai mai jakuna ya zo. Manomi ne daga wani ƙauye can bayan Tukur-Tukur, sa'ana ne, ubansa ma ya yi wannan zuwan a zamanin ubana. Yakan zo da jakuna da mangala, ya yi ta jigila har ya kwashe jujin tas, ya kai gonarsa ta bayan gida ya zuba. Da kaka kuma ya dawo mana da dammunan dawa, kaura mai nauyi, da karan girki, da kabewa, da 'yar kalwa. Ba ciniki ba ne. Ban taɓa ganin an auna abin da ya fita ko abin da ya shigo ba.

In ya iso ƙofar zaure, kafin ya gama sallama ya fara tsokanata.

"Malam mai allura, har yanzu ana nan ana huda tsumma?"

"Ana nan, sarkin ƙauye. An zo kwasar arzikin birni ke nan?"

"To ai shi ke nan arzikin naku, kashin akuya. Da kuna da abin da ya fi shi da na gani."

"Ka bar mana abinmu mana."

"In na bar shi, tuwon bana da zare za ka tuƙa."

Ranar da aka fara tuƙa sabuwar dawa, Inna kan gutsuri lomar farko, ta juya ta a miyar kuka, ta ce da duk wanda ke kusa, "Tokarmu ce ta dawo. Ta je ta sha ruwa ta dawo." Kowace shekara sai ta faɗa, mu kuma kowace shekara sai mu yi kamar yau muka fara ji.

Sai aka shiga shekarun nan da komai ya juya. Mota ta koma hannun dama, fam da sule suka tafi naira ta zo, aka yi fari, sannan abin duniya ya shigo gari. Ƙanina akawu ne a wani ofis a Sabon Gari, aka yi musu ƙarin albashi. Mutum ne mai hankali da son uwa, bai ci shi kaɗai ba. Ya saya wa kowane sashe risho mai kananzir. Ya shigo da buhun shinkafar ƙetare, fara sol, babu tsakuwa ko ɗaya. Madarar gwangwani, tumatirin gwangwani, sukari mai iyali, rediyo mai cin batir kamar ɗan maraƙi.

Ni kuwa Allah Ya haɗa ni da kifin gwangwani. Ranar da na fara tsoma burodi a man nan, sai da na ji haushin shekarun da na yi a duniya ban san shi ba. Na sha yanka harshe wajen lashe murfi. Tumbina ya fito, na riƙa shafa shi a zaure ina ce wa abokan ɗinki hutu ne. Yau likita ya hana ni sukari da burodi, ya ce in koma tuwon dawa da ganye. Na ce masa to, don ban ga amfanin ba shi labarin nan ba.

Matan gida sun fi kowa murna, kuma da gaskiyarsu. Shinkafa ba surfe, ba niƙa, ba tankaɗe. Matata da idonta ke zubar da ruwa shekara da shekaru saboda hayaƙi, sai ga shi ya washe. Wa zai ce musu su koma murhu? Ni da ban taɓa hura wuta ba?

Inna kaɗai ta riƙe murhunta. Ta gwada shinkafar, don kada ɗanta ya ji ba daɗi. Cikinta ya ɗaure, ƙafafunta suka hau, ta ce in ta ci ji take kamar ta haɗiyi auduga, kafin la'asar yunwa ta dawo. Ta koma tuwonta, ƙafa ta saɓe. Daga nan dammunan mai jakuna suka zama nata, da ita da ƙananan jikoki masu shan kunu.

Ban lura da lokacin da jujin ya sake kama ba. Risho ba ya toka. Da aka rage surfe dusa ta yi wuya, aka sayar da yawancin awakin, sai jar Inna da 'ya'yanta. Abin da ke zuwa bayan gida yanzu gwangwani ne, da mataccen batir, da fasassun kwalabe, da ledar burodi. Juji ya ƙara tsawo, amma in ka taka shi ƙara yake yi.

Da mai jakuna ya zo a ranin nan, ya kafa magirbi ya janyo, sai ya duƙa ya ɗauko batir ya ɗaga.

"Malam, wannan in an shuka me yake tsirowa?"

"Rediyo. Ka ba shi ruwa sosai."

Ya yi dariya, amma ba irin wadda na saba ji ba. Ya kwashe dai ya tafi. Da kaka ya dawo yana ɗingishi, ƙafa naɗe da tsumma. Murfin gwangwani ne ya yanke shi wajen huɗa, ciwon ya ruɓe, ya kwantar da shi a tsakiyar damina lokacin da ciyawa ba ta jiran kowa. Dammunan da ya kawo ba su kai na bara ba. Ya shiga ya gaida Inna, don shi kamar ɗan gida ne, ta yi masa sannu da ƙafa har tana kiran sunansa, ina gefe ina jin kishi. A ƙofar zaure ya rage murya.

"Malam, baɗi ka duba mini jujin nan kafin in zo. Gonata ba ta narkar da ƙarfe, ni ma haka."

Na fara da doka. Na tara mutanen gida na ce daga yau gwangwani da kwalba a tsohuwar garwa za a riƙa zubawa. Kowa ya ce to. Babban wa wanda ba shi ke shigo da buhun shinkafa ba, to ɗin da ake ce masa ba ta da tsada. Garwar ta yi 'yan kwanaki tana aiki, sai aka ɗauke ta aka tari ruwa da ita. Maƙwabta kuma, da nasu mai kwasar ya daina zuwa, suka gano katangarmu ba ta da tsawo, suka riƙa wullo mana shara.

Sai na shiga da kaina. Na aro rariyar yashi wurin magina, kullum bayan na idar da asuba in zaga baya in tsuguna. Gwangwani mai sauƙi ne, ana ganinsa. Leda ce ke yagewa ta zama zare-zare a cikin ƙasa. Batir in ya fashe, baƙin garinsa ya gauraye da toka, ba ka iya raba su. Kwalba kuwa ta dandaƙe ta koma kamar gishiri, sai ta shiga yatsa kake sanin tana nan. Abin da na tsince da safe, kafin yamma ya haihu.

Labari ya isa zaure kafin ni.

"Ranka ya daɗe, an ce an yi naɗi a bayan gida ba a gayyace mu ba."

"Wane naɗi?"

"Sarkin Bola. Ka matsa can da tabarmarka, rigar Alhaji nake ɗinki, kada ta ɗauki turarenka."

Hannuna ya farfashe, zaren tsamiya ya riƙa maƙalewa a yatsuna yana tsinkewa. Na ɓata wuyan wata riga har sai da aka warware. Duk da haka na tace jujin, gefe guda na tara baƙar ƙasa mai laushi, irin ta da, ina zuwa ina dubanta kamar mai jego.

Rani ya yi nisa. Hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma yana komawa. Duk kukan jakin da na ji a lungu sai na ajiye allura na fita. Mai jakuna bai zo ba.

Dawar Inna tana cikin wata babbar randa a ɗakinta. Na lura malmalarta tana ƙanƙancewa, sannan ta daina tuwon rana, sannan na ji ƙwarya tana kartar gindin randa. Na ce wannan ai ba abin damuwa ba ne, dawa ta cika kasuwa. Na sayo, na juye a wani tsohon kwando da mai jakuna ya taɓa bari a gidan, na yayyafa 'yar ƙura a kai, na shigo da shi ina haki kamar na yi tafiya. Na ce wa matata da ƙarfi, yadda za a ji a ɗakin Inna, saƙo ne daga ƙauye.

Inna ta ɗebi tafi guda ta kai hanci. Tun shekarun fari hatsin kasuwa daga nesa yake zuwa, a buhu, an barbaɗe shi da maganin ƙwari. Ta mayar, ta kakkaɓe hannu, ta juya wajen turke.

"A faɗa wa mutumin can, idona ne ya tsufa, hancina yana nan."

An wanke dawar an sake wankewa, an tuƙa mata. Ta yi loma biyu ta ture akushi. Ba fushi take yi ba, ba kuma taurin kai ba ne. Na ga tana ƙoƙari, maƙogwaro ne ke ƙin karɓa. Ƙanina ya kai ta asibiti, aka duba aka ce ba wata cuta, tsufa ne, a ba ta abin da ta saba ci. Ya dawo ya same ni a bayan gida, da takalminsa mai sheƙi a bakin juji.

"Yaya, me zan yi? Ba abin da ban sayo ba."

"Na sani."

"In an ce abu yana Kaduna, gobe zan je. Amma wannan a wane kanti yake?"

Muka tsaya mu biyu muna kallon ƙasa.

Washegari na aro keke na fita ta ƙofar gari, na wuce Tukur-Tukur, rabin hanya ina tuƙawa rabi ina turawa, don tumbin nan nawa bai san hawa ba. Na tarar da mai jakuna a gindin ɗorawa a ƙofar gidansa, ya miƙe ƙafar. Turken jakunan babu komai sai igiya.

"Malam mai allura. Birni ya ƙone ne?"

"Jujinka na jiranka. Na tace shi."

"Labari ya zo mini. An ce har sarauta aka ba ka."

"To yaushe za ka zo?"

Ya daɗe yana sosa tabon ƙafarsa. Ya ce 'ya'yansa maza duk sun tafi leburanci inda ake gine-gine a Gyallesu, babu mai kora jaki, shi kuma ƙafar ba ta sake ɗaukar doguwar tafiya ba. Ya sayar da jakunan. Ya kai ni ɗaki ya nuna mini wani farin buhu a jingine. Takin zamani ne, ƙwayoyi farare, mutum ɗaya ya ɗauko shi a bayan keke. Gonar bayan gida kuma bana masara zai zuba, ana karya ta tun ruwa bai ɗauke ba, mai mota ya zo har bakin gona ya ɗauka.

"In na samo amalanke na kawo maka fa?"

"Ka kawo, wa zai watsa? Ni da kai? Kai da keke ma ya kusa kashe ka." Sannan ya ce, "Yaya jikin Inna?"

"Ba ta ci."

Ya ɗingisa ya shiga ɗakin girki, ya miƙa hannu cikin jinka, ya saukar da wasu zangarniyoyin kaura da hayaƙi ya baƙanta. Irin da ya ajiye ne.

"Ba zan shuka ba bana. Ka kai mata. Ka ce ina gaisuwa, ka ce ta yafe mini."

Na dawo da su a ɗaure a ƙirjina cikin riga. Niyyata a surfa a dama mata kunu a ranar. Inna ta karɓa, ta shafa, ta sansana, ta daɗe da su a cinya. Matata ta kawo turmi. Sai Inna ta dubi akuya.

"A faɗa wa mutumin can, wannan iri ne. Ba a kai shi turmi."

Da ruwa ya sauka na baje baƙar ƙasar da na tace, na shuka a kan jujin. Ban taɓa noma ba, na zuba iri kamar ina ba kaji. Ya fito cunkus, sai da wani leburan ƙauye da ya leƙo ta katanga ya ji tausayina ya nuna mini yadda ake ragewa. Dawa ta tashi kore shar, ta wuce katanga, masu wucewa a lungu suna ɗaga kai. Na kwashe ɗinkina daga zaure na koma can. Jar akuya, aminiyar Inna, ita ta fara cin amana, ta tsinke igiya ta aske gefe guda. Iska ta zo da wani ruwan yamma ta kwantar da kusan rabi, don saiwar ba ta da abin kamawa a ƙasa mai taushi. Da ta fid da kai tsuntsayen birnin Zariya kaf suka sami labari. Na koma tulin gwangwanayen da na tsince, na huda su na jera a igiya, na ɗaura a babban yatsan ƙafata, ina ɗinki ina ja suna kwaramniya. A ranar na san kifin da na ci yana da yawa.

Duk daminar nan Inna da kurɓin fura ta rayu, da ɗan kunun gero in ya shiga. Awarwaronta ya riƙa zamewa har gwiwar hannu. Amma kullum da safe sai ta dafa bango ta zago da ƙwaryarta, toka kaɗan a ciki, ta zuba a gindin karan, ta zauna a tabarma tana kallo. Ba ta ce kyau ba, ba ta ce muni ba.

Ƙanina kuwa iyalinsa sun ƙaru, ɗaki ya yi musu kaɗan, kuma babu sauran filin gini a gidan sai wurin jujin. Tun bara aka yi maganar, kowa ya yarda, har da ni. Ya sa aka kawo bulo aka jibge a lungu, ya ce wa magina su jira Yaya ya girbe gonarsa. Bai taɓa yi mini dariya ba, shi kaɗai a gidan.

Na girbe da almakashin ɗinki. Da aka sussuka aka sheƙe, abin bai cika ƙwaryar awo ba. Matata ta ce ba za a kai inji ba, inji zai haɗiye shi, ta janyo dutsen niƙa da aka jingine a bayan ɗaki ta wanke. Inna ta zauna a bakin murhu tana ba da umarni, da karan dawar aka hura wutar. Aka kaɗa miyar kuka da sauran daddawar bara.

Ta ci. Ta cinye malmala guda, ta sa yatsa ta suɗe akushi. Duk gidan muna kallo, kowa yana yi kamar wani abu yake nema a tsakar gida. Haka ta yi ta ci na 'yan kwanaki, muryarta ta dawo, har ta yi wa jikoki faɗa. Ina jira in ji ta ce tokarmu ta dawo. Ba ta ce ba.

Ranar da aka tuƙa na ƙarshe, da la'asar, ina tsaye a bakin ƙofarta kamar yadda na saba, ba ciki ba, ba waje ba. Ta gama, ta wanke hannu, ta ture akushin. Sai ta ɗaga kai ta dube ni, cikin ido.

"Kai. Gobe fa?"

Na waiwaya in ga da wa take. Babu kowa a bayana, akuyar ma tana can turke. Tun ina yaro nake so matar nan ta yi mini magana, ni da kaina, ko da zagi ne. Na sha shirya amsoshi iri-iri, masu ban dariya, don in ga haƙoranta. Ga shi ta yi, ni kuma na tsaya da baki a buɗe, bakin nan da ba wanda ya taɓa kayar da shi a zaure. Ta jira kaɗan. Sannan ta mayar da idonta kan tabarma.

Da safe ba ta fito ba, ta ce jikin ba ƙarfi. Na shiga na ɗauki ƙwaryar mai ɗinki, na kwashe tokar murhunta da hannuna, tokar karan dawarmu, da sauran ɗumi. Na zaga baya. Magina sun riga ni, sun share wurin sun kafa turaku sun ja igiya. Na tsaya da ƙwarya a hannu ina dube-dube, har ɗayansu da ke ɗauke da bulo a ka ya ce, "Malam, ɗan matsa kaɗan."